Da Me Ya Kamata a Auna Kocin Kwalejin Shekara Biyu a Amurka?

A watan Nuwamban 2025 aka harbi John Beam a ginin wasanni na Kwalejin Laney da ke birnin Oakland, jihar Kalifoniya, washegari ya cika yana da shekara 66. Jaridun Amurka da suka ba da labarin rasuwarsa sun fi nanata abu uku: kofin jiha da ya ci a 2018, da fitowarsa a shirin Netflix mai suna Last Chance U, da yaransa da suka kai babbar gasar ƙwararru ta NFL. Duk gaskiya ne. Sai dai wanda ya tsaya a nan bai gane aikin da mutumin ya ƙarar da rayuwarsa a kai ba. A ganina auna kocin ƙaramar kwaleji da kofi da sunayen taurari shi ne babbar cutar wannan sana'a, kuma cutar ta taɓa cin rai.

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon Amurka, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da shi, kowa sanye da hular kwano da sulken kafaɗa, mutum 11 a kowane ɓangare. Makarantar kuwa ita ce kwalejin al'umma, mai karatun shekara biyu, wadda ke karɓar kusan duk mai takardar sakandare, kuɗinta kuma bai kai na jami'a ba. Wanda ya gama yana iya tsallakawa jami'a ya ɗora daga aji uku, kusan yadda mai difloma ko NCE ke shiga jami'a a Najeriya ba sai ya faro daga ajin farko ba. Hukumomi biyu ne ke kula da wannan wasa a waɗannan kwalejoji. NJCAA, wadda aka kafa a 1938, ita ke riƙe da jihohi irin su Misisipi, Kansas, Teksas da Iowa, inda ake ba 'yan wasa tallafin karatu da ɗakin kwana. Kalifoniya tana da tata hukumar daban, da ƙungiyoyi sama da 60, kuma a can doka ta hana a ba ɗalibi tallafi saboda wasa. Laney ta Kalifoniya ce.

Babu yaron da ya taso yana burin buga wa irin wannan kwaleji. Wani makinsa na sakandare ne bai kai abin da manyan jami'o'i ke nema ba. Wani kuma ba a gan shi ba ne kawai, kamar Aaron Rodgers da ya yi kakar 2002 a Kwalejin Butte kafin Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta ɗauke shi, ko Josh Allen da ya yi 2014 a Reedley yana ta aika wa kociyoyin jami'o'i saƙon imel har Wyoming ta amsa. Akwai kuma waɗanda suka je babbar jami'a suka shiga matsala suka dawo, irin Cam Newton da ya bar Florida ya ci kofin ƙasa da Kwalejin Blinn a 2009. Waɗannan sunaye ukun, waɗanda duk suka zama taurarin NFL, ake kafa hujja da su kullum. Amma a kowace shekara 'yan wasa kimanin 260 kaɗai ƙungiyoyin NFL 32 ke zaɓa daga duk makarantun ƙasar. Kocin da ya tara yaro 90 a watan Agusta ya san cewa in an yi sa'a ɗaya daga cikinsu ne zai ci abinci da ƙwallo. Sauran 89 ɗin su ne ainihin aikinsa.

Beam ya hau wannan kujera ne ta doguwar hanya. Ya shiga makarantar sakandare ta Skyline a Oakland a 1982 a matsayin mataimaki, ya zama babban koci a 1987, ya zauna har 2003, ya ci gasar makarantun birnin sau 15. A 2004 ya koma Laney, kuma bai shiga a matsayin shugaba ba, ɓangare guda aka ba shi, na masu gudu da ƙwallo, daga baya ya riƙe duk ɓangaren kai hari. Sai 2012 ya zama babban koci, ya doke Kwalejin Ventura a wasan ƙarshe na 2018, ya ajiye horarwa bayan kakar 2024 yana riƙe da muƙamin daraktan wasanni. Shekara 40 da ɗoriya a gari ɗaya. C.J. Anderson, wanda ya ci Super Bowl, wato kofin NFL, da Denver Broncos a Fabrairun 2016, ta Laney ya bi. Haka Nahshon Wright, wanda Dallas Cowboys ta zaɓa a 2021. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikin da ke cin yawancin lokacin mai irin wannan kujera, kuma aikin nan lissafi ne.

Don yaro ya cancanci buga wasa, dole ya yi rajistar darussa masu nauyin yunit 12 a zango. Kafin ya buga kaka ta biyu dole ya tara yunit 24 da makin GPA na 2.0, a ma'aunin da ƙololuwarsa 4.0 ce. Kaka biyu kaɗai aka yarda ya buga. To, a ninka 12 sau zango huɗu, ya ba da 48. Takardar kammala kwalejin kuwa yunit 60 take buƙata. Ma'ana yaro zai iya buga kowane wasa na shekara biyu, bai karya doka ko ɗaya ba, ya wayi gari da giɓin yunit 12, babu takarda. Kocin da ke duba cancantar wasa kaɗai ba zai ga wannan rami ba, domin ba shi zai faɗa ciki ba.

Ga kuma dokar hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i. Wanda bai cika sharuɗɗan karatu ba lokacin da ya gama sakandare, in yana son shiga jami'ar rukuni na ɗaya, wato matakin ƙoli na wasannin jami'o'i, sai ya kammala kwalejin da takarda a hannu, da yunit 48 da jami'ar za ta amince da su, a cikinsu shida na Turanci, uku na lissafi, uku na kimiyya. A 2012 aka ɗaga makin da ake nema daga 2.0 zuwa 2.5, aka kuma taƙaita darussan motsa jiki da za a ƙirga zuwa yunit biyu kacal. An yi haka ne saboda wasu kociyoyin sun daɗe suna cusa yara a darussan ɗaga ƙarfe da makamantansu don makinsu ya kumbura. Darussan share fage, waɗanda ake ba mai rauni a lissafi ko Turanci, su ma ba sa tsallakawa jami'a. Yaro ya zauna aji wata huɗu, ya ci jarrabawa, amma a takardar jami'a kamar bai yi komai ba.

Akwai kuma agogo. A dokar da ke aiki a 2025, daga ranar da ɗalibi ya fara rajista a matsayin cikakken ɗalibi, shekara biyar gare shi ya buga kaka huɗu a rukuni na ɗaya. Shi ya sa ƙwararren koci, in ya ga yaro bai shirya ba, a jiki ko a aji, yakan riƙe shi ƙasa da yunit 12 a shekarar farko: yana karatu, yana cike raunin lissafinsa, agogon bai fara tafiya ba. Wannan shawara ce da ke rage wa koci ɗan wasa a kakar da yake ciki, ta ƙara wa yaron shekara guda a gaba. A nan ake gane wa kocin ke yi wa aiki.

Wanda kuma ya isa ɗauka, abin da jami'o'i suka fi so shi ne ya gama a watan Disamba na shekararsa ta biyu, ya sa hannu, ya isa wurinsu a Janairu don ya samu atisayen bazara. Wannan na nufin yunit 60 a zango uku: 15 sau uku 45, ragowar 15 a cike su a karatun hutun rani da gajeren zangon hunturu. Kuskure ɗaya ke rusa wannan gini. Yaro ya ga lissafi ya yi masa tsauri a mako na takwas, ya je ya janye daga darasin bai faɗa wa kowa ba, ya sauko ƙasa da 12, a ranar ya daina cancanta, in kuwa aka saka shi a wasa ƙungiya na iya rasa wasan. Ko a gano a watan Nuwamba cewa darasin kimiyyar da ya ɗauka jami'ar da ke nemansa ba ta karɓarsa. Maganin wannan ba shi da ƙyalƙyali: a zaunar da yaro da mai ba da shawarar karatu tun makon farko a rubuta jadawalin zango huɗu gaba ɗaya, a riƙa karɓar rahoton malamai duk mako biyu ko uku, a bi ajujuwa da safe a ga wa ya zo wa bai zo ba, a sa sa'o'in ɗakin nazari na dole, a kuma hana kowa janyewa daga darasi sai da sa hannun koci da na mai ba da shawara. Wanda ya kalli kashi biyu na farko na shirin Last Chance U, da aka ɗauka a Kwalejin East Mississippi, zai tuna cewa rabin shirin a ofishin mai ba da shawarar karatu, Brittany Wagner, aka yi shi, tana bin ƙattin samari tana tambayarsu ko sun zo da fensir. Ba wasa take yi ba.

A Kalifoniya aikin ya ƙara faɗi, tunda babu tallafi kuma yawancin kwalejojin ba su da ɗakin kwana. Ɗan jiha yana biyan dala 46 a kowane yunit, wato dala 690 in ya ɗauki 15, ɗan wata jiha kuwa ninki da yawa. Kuɗin makaranta ba shi ne matsalar ba, haya ce, domin yankin Oakland na cikin wuraren da haya ta fi tsada a Amurka. Tallafin gwamnatin tarayya na Pell ga 'ya'yan talakawa bai wuce dala 7,395 a shekara ba a 'yan shekarun nan, kuma sai an cike fom ɗin FAFSA da bayanan harajin iyaye, waɗanda wani yaron bai ma san inda ɗayansu yake ba. Yaran Laney da aka nuna a shirin a 2020 wasu na aikin dare a gidan abinci, wasu na tafiyar sa'o'i a mota da jirgin ƙasa kafin su iso, akwai wanda a cikin motarsa yake kwana. Kocin irin wannan ƙungiya shi ne mai bin fom, mai neman wa yaro ɗaki, mai sanin wa ya ci abinci. Yana kuma koyar da darussa a aji, domin a jihar cikakken koci sau da yawa malami ne mai digiri na biyu a fannin motsa jiki. Mataimakansa galibi na wucin gadi ne, alawus ɗin kaka suke karɓa, suna da wasu ayyukan da rana. Kirby Smart, kocin Jami'ar Georgia, ya samu kwangilar dala miliyan 13 a shekara a 2024, da rundunar ma'aikata a bayansa. Na Laney albashin malamin kwaleji yake ci.

Kakar kanta gajera ce, wasa tara ko goma daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba. A Misisipi, inda kwalejoji 14 ke fafatawa, yawanci daren Alhamis ake bugawa, saboda Juma'a ta sakandare ce, Asabar ta jami'o'i. Da kaka ta ƙare koci ya zama dillali: yanka bidiyon kowane yaro, tura wa jami'o'i, buga waya, karɓar baƙi masu neman 'yan wasa, yana kuma zagaya sakandare yana neman waɗanda za su maye gurbin rabin ƙungiyarsa, domin duk shekara rabi ke tafiya.

Yanzu sai tambayar da ke ƙasan komai: me ke ɗaga kocin irin wannan kwaleji zuwa gaba? Nasara a fili, ita kaɗai. John Madden ya riƙe Kwalejin Allan Hancock a farkon shekarun 1960 kafin ya wuce San Diego State, daga can Oakland Raiders ta NFL. Willie Fritz ya ci kofin ƙasa da Blinn a 1995 da 1996, ya wuce Central Missouri a 1997, sai Sam Houston State, Georgia Southern, Tulane, har Houston. Babu wanda ya ɗauki ɗayansu aiki saboda yawan masu takardar kammalawa. Matashin koci ya ga wannan tsani, ya san abin da ake hawa da shi. Masu zama kamar George Rush, wanda ya riƙe Kwalejin Birnin San Francisco daga 1977 zuwa 2014 ya ci wasa sama da 300, ko Beam, su ne 'yan tsiraru.

Ba na cewa cin wasa ba shi da amfani ga yaran. Masu neman 'yan wasa daga jami'o'i inda ake nasara suke zuwa, kuma in sun zo don mutum ɗaya sukan ga na biyu. Jeff Tedford wani ɗan wasan daban ya je dubawa a Butte ya ci karo da Rodgers. Scott Strohmeier ya kafa ƙungiyar Iowa Western daga tushe a 2009, ya ci kofin ƙasa a 2012, 2022 da 2023, kuma sunan makarantar kaɗai yana buɗe wa yaransa ƙofa. Matsalar tana farawa ne lokacin da nasara ta zama ita ce kaɗai abin da shugaban kwaleji ke tambaya. Buddy Stephens ya ci kofin ƙasa sau biyar da East Mississippi tsakanin 2011 da 2018, yana amfani da gurabe takwas da dokar hukumar wasannin kwalejojin jihar ta ware wa 'yan wasu jihohi wajen kwaso waɗanda manyan jami'o'i suka saki, irin Chad Kelly da Clemson ta sallama. A 2015 ƙungiyarsa na gaba da maki 48 da nema a kan Mississippi Delta aka kaure da dambe a fili, aka hana ta shiga wasannin ƙarshe, yaran suka rasa wasannin da masu ɗaukar 'yan wasa suka fi zuwa kallo. Jason Brown ya ci gasar Jayhawk ta Kansas da Kwalejin Independence a 2017, garin ya ɗauke shi a ka, zaginsa ga yara kowa na ji ana dariya. A 2018 ya ci wasa biyu ya sha kashi takwas, a Fabrairun 2019 ya ajiye aiki bayan an fallasa saƙon da ya tura wa wani ɗalibi Bajamushe yana kwatanta kansa da Hitler. Halinsa bai canza ba tsakanin shekarun biyu. Sakamakon wasa ne ya canza.

Inda wannan ma'auni ya fi muni shi ne Garden City, a Kansas. Ranar 1 ga Agustan 2018, Braeden Bradforth, ɗan shekara 19 daga New Jersey, babban mutum mai nauyin sama da kilo 135, ya yi atisayensa na farko kwana biyu da isowarsa. An sa su gudun yadi 50 sau 36. Bayan an tashi aka tsince shi kwance a waje kusa da ɗakunan kwana. An yi jinkiri kafin a kira motar asibiti, ba a tsoma shi cikin ruwan sanyi ba, ya rasu a daren. Da farko an ce gudan jini ne, binciken gawa ya nuna bugun zafi ne da aikin jiki ya haddasa. Rahoton masu bincike daga waje, wanda bai fito ba sai 2019, ya ɗora laifin a kan rashin shugabanci. Kafin nan ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na ƙasa, East Mississippi ta doke ta 10 da 9, kocin kuma, Jeff Sims, wanda ya ci kofin 2016, ya samu aiki a jami'ar Missouri Southern. A 2021 wani yaron ya sake rasuwa bayan atisayen Agusta a Kwalejin Fort Scott, duk a Kansas, kuma a ƙarshen shekarar makarantar ta rufe ƙungiyarta.

Abin baƙin ciki shi ne wannan mutuwa ce da aka san maganinta, kuma maganin ba shi da tsada. Bugun zafi na faruwa ne idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 har ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Alamarsa ba lallai bushewar gumi ba ce, yaro na iya zama sharkaf da gumi. Abin dubawa shi ne tangaɗi, surutai, faɗa ba dalili, rashin sanin inda yake, kuma waɗannan su ne koci mai zafin kai ke ɗauka a matsayin ragwanci ko rashin kunya. Ma'aunin zafi na baki ko na goshi yana ruɗi a wannan hali, na dubura ne kaɗai abin dogaro. Ƙa'idar da Cibiyar Korey Stringer ke koyarwa, wadda aka sa wa sunan ɗan wasan Minnesota Vikings da zafi ya kashe a 2001, ita ce a sanyaya tukuna kafin a ɗauka: a cire hula da sulke, a tsoma shi zuwa wuya cikin baho mai ruwa da ƙanƙara, mutum ɗaya ya riƙe shi ta hammata da tawul kada ya nutse, a riƙa juya ruwan, a fitar da shi idan zafin ya sauko zuwa 39, sannan a wuce asibiti. In an yi haka cikin minti 30 na farko, kusan kowa yana rayuwa. Bahon roba irin na shayar da dabbobi ya isa, amma sai an cika shi kafin a fara atisaye, ba bayan yaro ya faɗi ba.

Rigakafin ma sananne ne. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, kuma kwanakin farko sun fi haɗari, musamman ga ƙattin layin gaba. A 2003 NCAA ta tsara wa jami'o'i kwana biyar na farko: biyu da hular kwano kaɗai, biyu da hula da sulken kafaɗa, sai rana ta biyar a sa cikakken kaya. Gwajin gudu mai tsanani a ranar farko ba ya gina ƙarfin kowa, nuna iko ne kawai. Akwai kuma batun da mu muka fi Amurkawa saninsa, wato jinin AS. Kusan kashi takwas cikin ɗari na baƙaƙen Amurka suna ɗauke da shi, kuma su ne da yawa a wannan wasa. Mai AS yana wasa lafiya lau, amma gudu iya ƙarfi a jere ba hutu na iya sa ƙwayoyin jininsa su lanƙwashe cikin 'yan mintuna, ƙafafu su saki, ya zube yana magana, tsokarsa ba ta ɗaure irin ta ciwon jijiya ba. Tun 2010 rukuni na ɗaya na NCAA ya wajabta gwajin. Kocin kwaleji da bai san jinin yaransa ba, ko ya sani bai bar su su tsara numfashinsu ba, yana wasa da rai.

Shugabannin kwalejoji su ma suna da nasu lissafin. A ƙaramin gari, 'yan ƙwallo ɗari suna cika ɗakunan kwana, suna ɗaga adadin ɗalibai. A wani wurin lissafin ya juya: a 2018 hukumar kwalejojin gundumar Maricopa ta Arizona ta ce ƙwallon na cin kashi 20 cikin ɗari na kasafin wasanni da sama da rabin kuɗin inshora, ta rufe ƙungiyoyin Phoenix, Mesa, Glendale da Scottsdale, sauran ukun jihar suka bi. Kofi bai ceci kowa a can ba. Da kociyoyin suna da tabbatattun alƙaluman da ke nuna cewa 'yan ƙwallo sun fi sauran ɗalibai masu irin halinsu kammala karatu, da sun fi samun abin kare kansu a gaban hukuma.

Kasuwar ma ta canza a ƙarƙashinsu. Tun da NCAA ta buɗe rumbun sauya sheƙa, inda ɗan wasan da ke son barin jami'arsa ke sa sunansa, a Oktoban 2018, ta kuma yarda a 2021 ɗan wasa ya koma wata jami'a ya buga nan take, kocin jami'a mai neman gogaggen ɗan wasa ya fi son ɗauko wanda ya riga ya buga a jami'a. Wanda da zai sauko kwaleji ya gyara sunansa yanzu gefe kawai yake matsawa. A Disamban 2024 Diego Pavia, wanda ya ci kofin ƙasa na 2021 da New Mexico Military Institute kafin ya kai Vanderbilt, ya samu umarnin wata kotun tarayya cewa kada a ƙirga masa shekarun kwaleji cikin kakarsa huɗu, NCAA ta ba masu irin halinsa ƙarin shekara guda. Duk yadda shari'o'in suka ƙare, gurbin jami'a ga ɗan kwaleji ya ƙara wuya, darajar takardar yunit 60 kuma ta ƙaru.

Saboda haka gyaran a takardar kwangilar koci ya kamata a fara shi. A ba shi aiki na dindindin ko kwangila mai tsawo kamar na Kalifoniya, domin wanda ake sabunta wa aiki shekara-shekara ba zai taɓa ajiye yaro ƙasa da yunit 12 don amfanin gaba ba. A cire jami'in lafiyar 'yan wasa daga ƙarƙashinsa, a ba jami'in ikon tsayar da atisaye ba tare da neman izini ba, a haramta gudu a matsayin horo. In za a ba da ladan ƙwazo, a raba shi: wani kaso kan wasa, kaso mafi girma kan karatu. Laney ta sha faɗin cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na 'yan wasan Beam sun kammala ko sun tsallaka jami'a, kuma irin wannan adadi ne ya kamata a tilasta wa kowace kwaleji ta wallafa duk shekara, ofishin rajista ya fitar da shi, ba ofishin koci ba. Kuma a fara ƙirgar daga duk wanda ya yi rajista a watan Agustan shekarar farko, har da waɗanda suka ji rauni, da waɗanda aka sallama, da waɗanda suka ɓace bayan mako shida, domin in daga 'yan shekara ta biyu kaɗai aka fara, kowane koci zai iya fitar da kashi 90.